Waiwaye: Finafinan da Suka Juya Akalar Silima

Duk bayan shekara goma, mujallar Sight and Sound ta Birtaniya kan tara masu sharhin finafinai ta ce kowa ya kawo guda goma da yake ganin sun fi. Tun 1952 ake wannan ƙuri'a, kuma ba a taɓa yin ta an tashi ba gardama ba. A karon farko fim ɗin Italiya, Bicycle Thieves, shi ya zo na ɗaya. Daga 1962 zuwa 2002 Citizen Kane ya kankane kujerar, sau biyar a jere, sai a 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi. A 2022 kuwa aka wayi gari Jeanne Dielman ne a sama, fim na sama da awa uku da wata 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, ta yi a 1975. Mace ce a cikin gidanta tana girki, tana wanke-wanke, tana gyaran gado, kyamara kuma a kafe wuri ɗaya. Wasu suka yi guɗa, wasu suka ce an raina musu hankali.

Sai dai tambayar wanne ya fi kyau daban, tambayar wanne ya fi tasiri daban. Ta farko ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa. Ta biyun kuwa tana da sawu, ana iya bin sa. A nawa ganin, fim mai tasiri shi ne wanda aka yi ta aron dabararsa har aka manta da mai ita. Shi ya sa ɗan kallon yau zai zauna gaban wasu daga cikin finafinan nan ya tashi yana cewa shi bai ga abin mamaki ba, alhali ya ga jikokinsu sau dubu bai san kakan ba.

Ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka karɓi kuɗin ƙofa a wani ɗakin ƙasa na Grand Café da ke Faris, suka haska gajerun finafinai goma, kowanne bai cika minti ɗaya ba: ma'aikata na fitowa daga masana'anta, ana ciyar da jariri, wani yaro ya taka wa mai ban ruwan lambu tiyo. Labarin da ake yawan bayarwa cewa mutane sun ga jirgin ƙasa ya nufo su a majigi sun ruga a guje, masana da dama na ganin an sa masa gishiri, kuma fim ɗin jirgin ma ba ya cikin na wannan daren. Su Lumière sun nuna cewa kyamara na iya kama gaskiya. Wanda ya gano cewa tana iya shara ƙarya shi ne Georges Méliès, ɗan dabo ne tun asali. Sai ya tsayar da kyamara, ya cire mutum daga gabanta, ya ci gaba da ɗauka, a majigi kuwa ka ga mutum ya ɓace ɓat. A 1902 ya yi A Trip to the Moon, inda kumbo ya soki wata a ido. Duk wani siddabarun fim da ake yi yau daga nan ya samo tsatso, amma shi mai abin ƙarshenta karyewa ya yi, ya koma sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin Montparnasse.

Daga nan sai batun yanka da haɗawa, wanda shi ne ainihin nahawun fim. A nan ne tarihin ya zo da abin da ba ya haɗiyuwa cikin sauƙi. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, wanda ya fito a Amurka a 1915, ya kai kusan awa uku a lokacin da yawancin finafinai gajeru ne. Griffith ba shi ya ƙirƙiro matso da kyamara kusa da fuska ba, ba shi ya fara tsallake daga wannan wuri zuwa wancan don zuciyar mai kallo ta riƙa dukan uku-uku ba, amma shi ya tattara dabarun ya nuna ƙarfinsu a dogon labari. To, me aka yi da wannan gwaninta? An zana baƙar fata a matsayin abin tsoro, aka mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ta fararen fata masu ta'addanci kan baƙar fata, jarumai masu zuwa ceto a kan dawakai. An haska shi a fadar White House zamanin Shugaba Woodrow Wilson, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi zanga-zanga a kansa, kuma a wannan shekarar ce aka farfaɗo da ƙungiyar ta Klan a jihar Jojiya. Tasiri kam ya yi, har ya wuce gona da iri. Oscar Micheaux, darakta baƙar fata, ya fito da Within Our Gates a 1920, wanda ake kallo a matsayin martani, amma sai bayan shekaru da dama aka fara sa sunansa a lissafi.

Rashawa suka ɗauki maganar yankan nan suka mai da ita ilimi. Lev Kuleshov ya gwada haɗa fuskar ɗan wasa ɗaya, wadda ba ta nuna komai ba, da hotuna daban-daban, sai masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta sauya ba. Sergei Eisenstein ya kai abin ƙololuwa a Battleship Potemkin na 1925. A fitowar matakalar Odessa, takalman sojoji ne ke saukowa a jere, sai a yanka a nuna uwa ɗauke da ɗanta da aka harba, a koma kan takalman, a nuna wata mata tabarau ya fashe mata a fuska, can kuma ga keken jariri yana gangarowa shi kaɗai, taki bayan taki. Abin da a zahiri zai ɗauki ɗan lokaci kaɗan, an ja shi har numfashi ya ɗauke. Wannan kisan kiyashi a kan matakala bai faru haka a tarihi ba, amma ƙarfin haɗin ya sa mutane da yawa sun ɗauka ya faru. Shekara sittin da biyu bayan haka, Brian De Palma ya sake gangaro da keken jariri a matakalar tashar jirgi cikin The Untouchables.

Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. The Jazz Singer na kamfanin Warner ya fito a Oktoban 1927, sautinsa a kan faifai irin na garmaho ana kaɗa shi tare da hoto. Akasarinsa ma fim ne na bebe, maganar baki da ke ciki ba ta wuce ta 'yan mintoci ba, kuma ba wani fim ne na a zo a gani ba. Duk da haka cikin 'yan shekaru ya binne wata sana'a sukutum. Makaɗan da ke rakiyar fim a gidajen silima suka rasa abin yi, kyamara da ta saba yawo aka kulle ta a akwati don kada makirfo ya ji ƙararta.

Citizen Kane fa, me ya ba shi shekara hamsin a kan kujera? Orson Welles yana da shekara 25 ya yi shi, a 1941, fim ɗinsa na farko. Akwai wata fitowa da ke nuna dalili. Uwa tana zaune a gaba tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki, uban na tsaye a tsakiya yana gunaguni, can ta taga kuma ga yaron yana wasa cikin ƙanƙara bai san ana yanke masa rayuwa ba. Duka ukun sun fito tar a hoto guda, aikin mai ɗaukar hoto Gregg Toland, ba a ce maka ga inda za ka duba ba. Ga kuma labarin da ya fara da mutuwar mai shi, sannan aka bi waɗanda suka san shi kowa na ba da nasa ɓangaren. Attajirin jaridu William Randolph Hearst, wanda ya ga kamar da shi ake, ya yi bakin ƙoƙarinsa ya danne fim ɗin, kuma kyautar Oscar ɗaya tak ya samu, ta rubutun labari. Welles kansa aro ya yi: ya sha faɗin cewa ya yi ta maimaita kallon Stagecoach na John Ford kafin ya fara.

Amma sawun da ya fi burge ni shi ne wanda ya tashi daga Rum bayan yaƙin duniya na biyu. Vittorio De Sica ya fita titi a 1948, ya ɗauko wani ma'aikacin masana'anta da bai taɓa wasa ba, ya ba shi labarin talakan da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi, wato Bicycle Thieves ɗin da ya zo na ɗaya a 1952. Babu tauraro, babu fada. Wani matashi ɗan Kalkata mai zanen talla, Satyajit Ray, ya ga fim ɗin a Landan a 1950, ya fito da niyyar shi ma zai yi nasa, kuma a 1955 ya kammala Pather Panchali da ɗan abin da ke hannunsa. A Afirka ta Yamma kuwa, inda wata dokar Faransa ta 1934 ta takura ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka, Ousmane Sembène, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwan Marseille, ya je Mosko ya koyo aikin, ya dawo ya yi Borom Sarret a 1963. Mai amalanken doki ne a Dakar, fasinja ya ja shi zuwa unguwar manya inda aka hana amalanke shiga, ɗan sanda ya ƙwace abin sana'arsa, ya koma gida hannu rabbana. Keke ya zama amalanke, ciwon dai ɗaya ne. A 1966 ya yi La Noire de…, a 1968 kuma Mandabi da harshen Wolof. Abin da fim ɗin De Sica ya gadar ba salon kyamara kaɗai ba ne, ƙarfin gwiwa ne ga wanda ba shi da jari.

Akira Kurosawa na Japan kuwa rijiya ce da kowa ya ɗiba. Rashomon, inda shaidu huɗu suka ba da labarin kisa ɗaya ta fuska huɗu, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1951 ya buɗe wa finafinan Japan ƙofar Turai. Seven Samurai na 1954, labarin ƙauyawa da suka ɗauko mayaƙa haya don su kare su daga 'yan fashi, ya koma The Magnificent Seven a Amurka a 1960, kuma duk wanda ya san Sholay na Indiya zai ji ƙamshinsa a ciki. Sergio Leone ya kwashe Yojimbo ya yi A Fistful of Dollars ba da izini ba, har maganar ta kai ga shari'a. George Lucas kuwa bai ɓoye ba cewa The Hidden Fortress na cikin abin da ya gina Star Wars a kai.

Wasu finafinan kasuwa suka sauya, ba hoto ba. Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, ya fito a Yunin 1975 a ɗaruruwan gidajen silima lokaci guda, da ruwan talla a talabijin, tun daga nan manyan kamfanoni suka koma farautar fim ɗaya da zai kwashe kuɗin shekara. Abin dariya, kifin roba da aka ƙera yawan lalacewa yake, dole aka riƙa ɓoye shi ana barin kiɗa ya yi aikin tsoratarwa, sai hakan ya zama alheri. Toy Story ya zo a 1995 a matsayin dogon fim na farko da aka zana kacokan da kwamfuta. Shekara uku kafin nan, Living in Bondage ya nuna a Nijeriya cewa da kaset ɗin bidiyo ma ana iya kafa masana'anta ba tare da an bi ta gidan silima ba, ko da yake da wuya ka gan shi a jerin da ake bugawa a Landan.

Dama jerin nan na waɗanda suka tsira ne. Tsohon zaren fim na nitrate yana ruɓewa, yana kuma kama wuta kamar fetur. Wani rahoto na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebe na ƙasar sun salwanta. Alice Guy, wadda ke cikin na farko-farkon masu shirya fim mai labari a kamfanin Gaumont, ta yi ɗaruruwa, aka daɗe ana jingina wasunsu ga maza. Sai kuma Alam Ara na Ardeshir Irani, fim mai magana na farko a Indiya, wanda aka fara haskawa a Bombay ranar 14 ga Maris, 1931, da waƙoƙi bakwai a cikinsa. Daga kansa waƙa ta zauna daram a fim ɗin Indiya, ta bi jirgi ta shiga Rasha, Gabas ta Tsakiya da Afirka. Yau babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani, sai 'yan hotuna da fastar talla.