Izini da ambaton suna wajen baje kolin ayyukan ɗalibai

Izini da ambaton suna haƙƙoƙi biyu ne da ake maganarsu duk lokacin da makaranta ta nuna wa jama'a aikin ɗalibi: zane, waƙa, gajeren labari ko hoto, ko a bangon ɗakin taro ranar raba kyaututtuka, ko a mujallar makaranta, ko a shafinta na Facebook. Izini shi ne a nemi yardar mai aikin kafin a fitar da shi. Ambaton suna kuwa shi ne a bayyana wanda ya yi shi.

Tushen batun yana cikin Yarjejeniyar Berne ta 1886, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallakar ayyukan adabi da fasaha, wadda Nijar ta shiga a 1962, Najeriya kuma a 1993. A ƙarƙashinta haƙƙin mallaka yana tabbata ba sai an yi rajista ba, kuma ƙarancin shekaru ba ya hana mutum mallakar abin da ya ƙirƙira. Gyaran da aka yi mata a birnin Rum a 1928 ya ƙara wa mai aiki 'yancin a danganta aikinsa gare shi, da 'yancin ƙin amincewa da sauyin da zai zubar masa da mutunci. Ɗalibi ba ma'aikacin makaranta ba ne, saboda haka miƙa wa malami aiki don a ba da maki bai mayar da shi kayan makaranta ba. Sai dai jami'o'i da dama kan sa wasu sharuɗɗa game da mallakar aikin ɗalibi a takardun rajista, waɗanda ɗalibai kan sa wa hannu ba tare da sun karanta ba.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne ƙananan yara, domin a nan haƙƙoƙin biyu kan ci karo. Sa sunan yarinya a ƙarƙashin zanenta girmamawa ce, amma haɗa sunan da hotonta da ajinta a intanet yana iya jefa ta cikin haɗari. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci yardar iyaye ko waliyyi kan bayanan yaro, sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 kuma ya ce a saurari ra'ayin yaron kansa. Shi ya sa wasu makarantu kan rubuta sunan farko kawai. Sa hannun uba bai kamata ya rufe bakin ɗan da ya rubuta waƙa a kan rasuwar mahaifiyarsa kuma ba ya son a karanta ta a taro ba.

Aikin ɗalibi kan yi nisan da ba a zata ba. Michael Taiwo Akinkunmi yana karatu a Landan ya zana tutar Najeriya, aka ba shi ladan fam 100. Sai a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta ƙasa, shekara 54 bayan an fara ɗaga tutar.