Shin an haramta noma da ruwan kwata?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa hukumomin lafiya sun hana amfani da ruwan kwata da kashin masai a gona gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗa ta gindaya. A ƙa'idojinta na 1989 ta ce ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas, kada ya wuce ƙwan tsutsar ciki ɗaya a lita guda. A 2006 ta faɗaɗa tsarin: a tace ruwan, a dakatar da ban ruwa kwanaki kafin girbi, a wanke ganye sosai, kashin masai kuma a ajiye shi ya daɗe kafin ya zama taki. Birnin Windhoek na Namibiya ma tun 1968 yake tace ruwan kwata ya mayar da shi famfo.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwan masana'antu. Masu lambu a gefen kogin Jakara a Kano na amfani da ruwan da ya gauraya da dattin kamfanonin Bompai, kuma wanke latas ba ya fitar da gubar ƙarfe da ta riga ta shiga cikin ganyen.