Ƙaramin layin dogo a kan tebur: wane yanki na ƙasar Katsina za ka kwaikwaya?

Daga ina ake farawa?

Daga zaɓar layi guda. Akwai tsohon layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda da ya ratsa Funtua, akwai kuma sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. In Funtua ka ɗauka, to gonakin auduga da tsofaffin taragun kaya ne abin nemanka. In sabon layi ne, fili ne shimfiɗe, da rairayi da gonakin gero.

Ba zan haɗa hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu a tebur ɗaya ba?

Ban ba ka wannan shawara ba. A ma'aunin HO, wato ɗaya bisa 87, tazarar Katsina da Daura sai ta ci maka kusan kilomita guda. Duk Bakatsinen da ya gan su kafaɗa da kafaɗa zai san an yi cushe. Gobarau tsawonta kusan mita 15, ke nan santimita 17 a tebur. Tana kuma tsakiyar tsohon gari ne, cikin gidaje, don haka kai ta can baya, ta leƙo ta saman soraye masu zanko da indararo. Kada ka dasa ta bakin dogo.

Bishiyoyi fa?

Nan aikin yake. Na kanti yawanci na dazukan Turai ne, ba su dace da mu ba. Murɗa siririyar wayar tagulla ka fitar da kuka, gindinta kauri, rassanta gajeru. Ƙara da giginya, da darbejiya a gefen titi. Amma yanke shawara tukuna: rani ne ko damina? Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, kuka kuwa akasin haka. In ka lulluɓe su duka da ganye, manomi na kallo zai gane.

Da me zan yi ƙasa?

Da ƙasar wurin. Ɗebo ta, ka shanya, ka tankaɗe da rariya, ka barbaɗa a kan gam da ka sirka da ruwa. Sai rumbuna biyu ko uku, da Keke Napep tana jira a mahaɗar titi da dogo, da mai shayi ƙarƙashin darbejiya.