Cijewar Injin Turbo a Kan Babbar Hanya

Cijewar inji ita ce direba ya taka totur, mota ta yi jim ko ta riƙa fizga kamar ana riƙe ta ta baya, kafin ta ɗauki gudu. A motocin fetur masu turbo akwai irin cijewar da ba ta fitowa sai a kan babbar hanya, galibi lokacin hawa tudu ko wuce tirela da babbar giya. Idan an kai motar gareji, sai a tarar injin yana kaɗawa lafiya lau a tsaye. Dalili kuwa shi ne matsalar ba ta bayyana sai inji ya ɗauki nauyi kuma turbo ya cika shi da iska, don haka a wannan yanayin ne ake neman ta.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana dannawa injin iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa. Injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ne ya yi rajistar dabarar a 1905, ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan iska ta ƙaru dole mai ya ƙaru, wutar filogi ma ta ƙara ƙarfi. Duk wanda ya gaza cikin ukun nan, mota za ta cije.

Abin da ake fara yi shi ne jona na'urar bincike. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, na fetur na Turai kuma daga 2001, saboda haka mafi yawan tokumbo suna da ita. Kwamfutar mota tana adana lambar matsala tare da bayanin lokacin da ta faru: gudun mota, juyin inji, zafinsa. Goge lambobin nan kafin a rubuta su babban kuskure ne, kuma ana yawan yin sa, don kawai fitilar gargaɗi ta mutu mai mota ya ji sanyi. Idan babu lamba, sai a fita gwaji mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon ma'aunai.

Wuta ce ta fi yawan laifi, kuma ita ce mafi arhar dubawa. Gwargwadon matsin da ke cikin silinda, gwargwadon ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke buƙata kafin ya tsallake bakin filogi. Filogin da ya cinye, bakinsa ya buɗe, zai yi aiki a cikin gari ba tare da gardama ba, amma da turbo ya danno iska sai tartsatsin ya kasa, injin ya fara abin da makanikai ke kira misin, wato man da ke cikin silinda ya riƙa ƙin kamawa da wuta. Shi ya sa tazarar bakin filogi a injin turbo take da ƙanƙanta, sau da yawa milimita 0.7 ko kusa da haka. Lambar P0300 tana nuna misin a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo: idan lambar P0302 ce, a ciro koyil, wato abin da ke ba filogi wuta, na silinda ta biyu a musanya shi da na ta uku. Idan lambar ta koma P0303, koyil ne ya mutu. Idan ta tsaya inda take, sai a koma kan filogi ko nozul mai fesa mai. Fitilar gargaɗi mai ƙiftawa tana nufin ɗanyen mai na kwarara cikin salansa, kuma yana iya narkar da matatar hayaƙi, wadda ake kira indomi. A nan ɗaga ƙafa daga totur ya zama wajibi.

Sai iska. Daga turbo iska tana bi ta tiyo da intakula, wato lagireton da ke sanyaya ta, kafin ta shiga inji. Tiyon da ya tsage kaɗan yakan rufe bakinsa a tsaye, ya buɗe idan matsi ya hau. Alamarsa huci ko fito lokacin taka totur, da danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai kusa da mahaɗar tiyo, wani lokacin da lambar P0299. Ana gano wurin ta hanyar toshe bututun a hura masa iska ko hayaƙi, a shafa ruwan sabulu a ga inda ke kumfa. Bawul ɗin da ke sakin rarar iska shi ma yakan yage, abin da aka sani a tsofaffin injinan 2.0 na Volkswagen da Audi. A yankin da ake hunturu mai ƙura, sensar da ke auna iska tana yin datti da wuri, musamman idan matatar iska ba ta zauna daidai ba. Da maganin feshi na musamman ake wanke ta, ba a taɓa ta da tsumma.

Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da famfo biyu: na cikin tanki mai matsin bar 4 zuwa 6 (bar ma'aunin matsi ne), da na kan inji mai kai matsin mai bar 100 zuwa sama. Famfon da ya gaji yana iya ciyar da inji a ƙaramin gudu, ya kasa a babba. A na'ura za a ga matsin da kwamfuta ke nema yana hawa, wanda ake samu yana faɗuwa, lambar kuma P0087. A 2010 kamfanin BMW ya nemi a dawo masa da motoci da yawa masu injin N54 a Amurka domin gyara saboda wannan famfo. Fetur mara ƙarfi ko gurɓatacce shi ma yana sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta jinkirta tartsatsi don kare fistan, direba ya ji ƙarfi ya ragu. Idan cijewar ta fara bayan shan mai a wani wuri, tanki ake fara zargi.

Wasu abubuwa suna kama da cijewa alhali ba inji ba ne. Idan allurar juyin inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ko giyabos ke zamewa. Toshewar matatar hayaƙi kuma takan rage ƙarfi a hankali, ba fizga ba.

Turbon kansa shi ake yawan ɗora wa laifi, alhali shi ya kamata a duba a ƙarshe, domin ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Idan shi ne ya lalace ba ya ɓoyewa: yana kuka kamar jiniya, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa. Idan aka cire tiyon gaba bayan inji ya huce, aka kama farfela da yatsa, za a ji tana wasa gaba da baya ko tana gogar jikin gidanta.