Mene ne "hanyar mummunan sakamako" a gwajin sinadarai?

A da, in ana son sanin ko wani sinadari yana cutarwa, sai a ɗura wa ɓeraye shi, a zuba ido. Gwajin ciwon daji kaɗai yakan ci shekara 2. A ƙarshe a ga illar, amma ba a san ta inda ta biyo ba. Ga kuma sinadarai dubbai a masana'antu, waɗanda ba ranar gama gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya haifar da tsarin da masana ke taƙaitawa da haruffan AOP, wato hanyar mummunan sakamako. Gerald Ankley da abokan aikinsa na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ne suka fayyace shi a 2010, sannan OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe don tattalin arziki da ci gaba, ta buɗe shiri a kansa a 2012.

Ma'anarsa bin sawu ne. Akwai mafari, inda sinadari ya fara taɓa wani abu a cikin ƙwayar halitta. Daga nan wannan ya jawo wancan, daga ƙwayar halitta zuwa gaɓa, zuwa jiki gaba ɗaya, har illar ta fito fili. Sharaɗi shi ne kowane mataki ya zama ana iya auna shi, kuma a kawo hujjar da ta ɗaure shi da na gabansa.

Misalin da ya fi nuna amfanin abin shi ne borin fata, irin wanda wasu turaruka ko rinin gashi ke tayar wa mutum. Da farko sinadarin yakan manne da furotin na fata. Sai ƙwayoyin saman fata su harzuƙa. Sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, masu aikin kai rahoto, su farka su ɗauki labari. Daga ƙarshe ƙwayoyin da ake kira T su hayayyafa, jiki ya riƙe sinadarin a matsayin abokin gaba, ko yaushe ya sake taɓa shi fata ta yi ja, ta kama ƙaiƙayi. Da aka gane matakan nan huɗu, sai aka ƙirƙiro gwaji na ukun farko a cikin kwalba da faranti, ba dabba ko ɗaya. A 2021 OECD ta fitar da ƙa'ida mai lamba 497 kan yadda za a haɗa sakamakonsu a yanke hukunci. Wannan ya yi wa masu kayan kwalliya rana, domin tun 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da waɗanda aka gwada a kan dabbobi.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar ba ta sinadari ɗaya ba ce. Duk sinadarin da ya taɓa mafarin nan, ko yau aka ƙera shi, an san inda za a sa masa ido.

Sai dai a kiyaye, hanyar tana faɗin yadda illa ke aukuwa ne kawai. Nawa ne ya shiga jiki, ta baki ko ta numfashi, hanta ta narkar da shi ko ya taru, duk wannan sai an auna daban kafin a ce kaya yana da haɗari. Kuma borin fata hanyarsa miƙaƙƙiya ce. Illa ga ƙwaƙwalwar jariri ko ciwon daji hanyoyi ne masu rassa da ke sarƙe da juna, har yanzu masana na kan haɗa su a rumbun intanet na AOP-Wiki.