Wai mene ne "bes" ɗin nan da kowa ke cewa a ƙaro?

Yanzu a Kano da wuya ka je gidan biki ba ka ji an ce wa DJ "ƙaro bes" ba, mai adaidaita sahu in ya ɗaura sifika a bayan kujera sai ya ce ai tasa akwai bes, masu sayar da sifikar Bluetooth a Farm Centre kuwa da kalmar suke ƙara wa kaya kuɗi. Har a rediyo sai ka ji mai gabatarwa ya ce waƙa kaza ta yi bes, nufinsa wai ta cika kunne. To ƙara daban, bes daban. Bes kaurin sauti ne, na can ƙasa, ana iya kaɗa shi a hankali kuma yana nan a bes ɗinsa.

Akwai kuma abin kiɗan da aikinsa kenan, bes gita, kuma a nan ne aka fi ba ni haushi, masu cewa wai gita ce kawai da aka rage wa tsirkiya biyu. Haba malam. Tsirkiyoyinta galibi huɗu ne, ana kiransu da haruffan muryoyin kiɗa E, A, D, G, sunansu ɗaya da huɗun nan masu kauri na gita mai shida, amma kowacce rabin saurin ta gita take karkarwa. E ta gita tana yin wajen sau 82 a daƙiƙa, ta bes sau 41. Tsirkiya kuwa ba ta yin wannan nawar sai ta yi tsawo ta yi nauyi, shi ya sa wajen da ke kaɗawa a bes ya kai inci 34 alhali na gitar kamfanin Fender inci 25 da rabi ne, kuma in ka taɓa ta E ɗin za ka ji ta ɗara wayar birkin keke kauri, ƙarfe ne aka naɗe da wani ƙarfen. Sabon ɗan koyo sai yatsunsa sun yi kanta.

Jikinta galibi katako ne zalla, babu ƙoƙo irin na garaya ko gurmi, in ba a jona ta ba da ƙyar za ka ji ta. Maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyoyin an naɗe shi da siririyar wayar tagulla, ƙarfe na motsi a samansa sai ya haifar da 'yar wutar da ke bin waya zuwa amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Sannan tunda tsirkiyoyin na jan wuyan da ƙarfi, akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ko a sassauta in ya fara lanƙwasa, abin da duk mai bes a garin nan zai haɗu da shi in hunturu ya busar da katako.

Leo Fender ne ya yaɗa ta daga Kalifoniya a 1951, ya sa mata suna Precision, wato "daidai", saboda 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyanta, kana danna yatsa a tsakaninsu muryar ta fito daidai, saɓanin ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye wanda sai dai kunne ya lalubo. A 1960 ya fito da wani samfurin mai suna Jazz Bass.

Mu dai a nan in kana son ganinta a hannun mutum sai ka leƙa wajen makaɗan coci-coci a Sabon Gari. A yawancin situdiyonmu fiyano ce ke yin komai, a danna maɓalli ta kwaikwayi bes, kuma gaskiya ni ban yarda ɗaya suke ba, yatsa yana jan tsirkiya ya sake ta ya danne ta, kowane bugu da ɗan bambancinsa, na fiyano kuwa duk kai ɗaya. Wanda kuma yake sauraron waƙa a sifikar waya yana cewa akwai bes, wallahi 'yar sifikar nan ba ta iya fitar da sau 41 ɗin, burbushin saman sautin yake ji.