Auna Tasirin Mai Bincike a Ilimin Ƙwayoyin Halittar Tsirrai

Ana auna tasirin mai bincike da abu biyu: maƙalun da ya wallafa a mujallun da masana ke tantancewa, da yawan lokutan da wasu suka kafa hujja da su a nasu rubuce-rubucen, wato ambato. Eugene Garfield ne ya aza harsashin ƙirga ambato da Science Citation Index a 1964, wanda ya zama tushen Web of Science. Scopus da Google Scholar, waɗanda su ma rumbunan ƙirga ambato ne a intanet kamar Web of Science, sun fito a 2004. Alƙaluman rumbunan uku ba sa zuwa ɗaya. Google Scholar na haɗawa da kundayen digiri da takardun taro, shi ya sa adadinsa kan fi yawa. Duk wanda ya kawo adadi, wajibi ne ya faɗi rumbun da ranar da ya duba.

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya, ya gabatar a 2005. Ana jera maƙalu daga mai ambato mafi yawa zuwa ƙasa, a tsaya a ta ƙarshen da ambatonta ya kai lambarta a jerin. Mai maƙalu shida da aka ambata sau 90, 41, 12, 6, 5 da 2, ma'auninsa 5 ne. Ma'aunin ba ya komawa baya, don haka yana fifita wanda ya daɗe a aiki. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba shi da shekarun da aka yi tun maƙalar farko.

A fagen tsirrai, irin maƙala ne ya fi tasiri a kan adadi, ba girman abin da aka gano ba. Maƙalun dabarun aiki su ne kan gaba. Sinadarin renon tsiro a kwalba na Murashige da Skoog, na 1962, har yau ana ambatonsa kusan duk inda aka reni tsiro a ɗakin gwaji. Haka dabarar Clough da Bent ta 1998 a mujallar The Plant Journal, inda ake tsoma furannin Arabidopsis, wani ƙaramin tsiro da ake yawan gwaji da shi, cikin ruwan ƙwayar bakteriya mai suna Agrobacterium domin shigar da sabuwar ƙwayar gado. Maƙalun bita, masu taƙaita binciken da wasu suka riga suka yi, ma na tara ambato da sauri, domin marubuta kan ambace su su huta da neman aikin asali. Sai manyan ayyukan karanta jerin ƙwayoyin gado: Arabidopsis a 2000, shinkafa a 2005, masara a 2009, alkama a 2018. Marubutansu na da ɗimbin yawa, kuma kowa ana rubuta masa ambaton gaba ɗaya. Nan ne duba matsayin suna ke da amfani: a al'adar fagen, na farko shi ya yi yawancin gwaje-gwajen, na ƙarshe kuma shugaban ɗakin binciken ne.

Tsiron da ake aiki a kai ma yana da tasiri. Arabidopsis na kaiwa daga iri zuwa iri cikin kusan wata biyu, masu bincike a kansa kuma suna da yawa. Mai aiki a kan bishiya zai jira shekaru kafin ta yi fure, masu ambatonsa kuma kaɗan ne. Kwatanta su kai tsaye rashin adalci ne, shi ya sa Scopus ke da ma'aunin da ke kwatanta maƙala da takwarorinta na fage ɗaya da shekara ɗaya, inda 1.0 ke nufin matsakaici.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa na mujalla ne, ba na mutum ba: ambaton shekara guda ga abin da ta wallafa a shekaru biyu da suka gabata, a raba da adadin maƙalun. Sanarwar San Faransisko ta 2012 kan tantance bincike ta yi kira da a daina yi wa mai bincike hukunci da shi.

Kurakuran ƙirga sun fi fitowa daga suna. Masu suna iri ɗaya kan cakuɗe, ko mutum ɗaya ya rabu gida biyu, kuma lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alamomi 16, ita ce maganin hakan. Maƙalar da ta fara fita a bioRxiv, shafin da ake sa maƙalu kafin mujalla ta tantance su, kan bayyana sau biyu sai an haɗe ta da hannu. Ana ware ambaton kai kafin a yi kwatanci, a kuma duba maƙalun da aka janye, domin ana ci gaba da ambatonsu bayan janyewar.